Bayan Tashin Jemagu

Wata huɗu Nuratu tana mayar mana da dare rana.
Gidan hayarmu na Aboabo ɗaki goma sha biyu ne,
ba wanda bai haddace muryarta ba.
Mai gidan ma, da kunnensa ɗaya ya mutu,
ya ce ɗayan ya ishe shi.

Uwarta, Baraka, ƙarfe uku take tashi damun kokon sayarwa.
Ni gyaran waya nake a Kejetiya.
Ran nan na yi gyangyaɗi a kan wayar mutane
har dalma ta ƙona mini ɗan yatsa.

Mame Afiya ta ɗakin ƙarshe, mai jika tara,
ta jingine taɓaryar fufu,
ta ce da gurguwar Hausarta:
"Jariri bai san agogo ba, Malam Sidi.
Abin da ke bin bayan abu ya sani.
Ka jera mata dare kamar carbi."

To, na jera.

Idan jemagu suka tashi daga itatuwan gidan namun daji
suka baƙanta saman Kumasi,
sai in rufe rumfa, ko da mai waya na tsaye.
Bayan magariba, ruwa a kan kurfoti.
Tafin hannuna ya yi kanta, ba ya faɗin gaskiya,
da gwiwar hannu nake gwadawa.
Shuɗin baho. Sabulun salo.
Tana dukan ruwan kamar ya ci bashinta.
Sai man kaɗe: ƙafa, ƙafa, ciki, baya,
da lungun wuya inda nono ke ɓuya.
Sai 'yar rigar nan mai hoton agwagwa.
Uwarta ta karɓa ta ba ta mama, ba hira.
In kashe ƙwai, idan masu wuta ba su riga ni ba.
In saki gidan sauro.
In tofa mata Falaƙi da Nasi,
in ɗora ta a kafaɗa ina gurnani a maƙogwaro.
Ba waƙa ba ce, ban iya waƙa ba,
kamar dai tsohon firijin mai shago.

Sannan in kwantar da ita a kan bayanta
tun ido bai gama rufewa ba.
Nan ne ake yin ta.

Daren farko ta yi kuka kamar an yi mata fashi.
Na uku, cocin bayan gida suka kwana kiɗa.
Na biyar, Kotoko ta ci ƙwallo,
samarin gida suka fasa ihu,
muka koma farko.
Na ce wa Baraka tsohuwar nan wasa take da ni.
Ta ce, "Ko koko sai gasara ta kwana."

Dare na sha ɗaya aka tsuge da ruwa,
irin na Kumasi, mai dukan kwano ba sallama.
Ina tsakiyar shafa ƙafa ta biyu
sai ta yi hamma,
'yar mitsitsiya, kamar bakin kwalbar turare.
Ta gane abin da ke tafe.
Na kalli uwarta, ta kalle ni,
ba wanda ya yarda ya yi numfashi.

Yau sun tafi suna Nima, can Ankara, kwana uku.
Ɗakin ya yi mini faɗi.
Jemagu sun tashi, na rufe rumfa.
Sai da ruwa ya fara tsuwa a kurfoti
na tuna ba mai wanka.
Na zauna bakin gado da gwangwanin man kaɗe,
na shafa wa tabon dalmar nan,
na kashe ƙwai,
na ji maƙogwarona ya fara shi kaɗai.

Ko takwas ba ta yi ba.
Mame Afiya na tambaya daga tsakar gida ko lafiya,
hamma ta hana ni amsawa.